Dutsen Ƙafata a Karnen Takwarata

"Iya, ki daina motsi," in ji lokotoron, yana danna mini sha-raɓar hagu da babban yatsa kamar mai zaɓen mangwaro.

Na ce, "Ɗan nan, ƙafa ce, ba ƙullu ba. Ka riga ka ɗauki hotonta, me kake nema kuma da yatsa?"

Sai ya saki. Ya zaro baƙin hoton nan da suke ce wa radiyo daga cikin babban ambulof, ya ɗaga shi wajen taga. Na ga ƙasusuwa biyu a tsaye, ɗaya mai kauri ɗaya siriri, a bayansu kuma wani farin abu kamar ƙwallon dabino, shi kaɗai a cikin nama, bai jingina da kowa ba.

"Ga dutsenki nan," ya ce.

Duk duwatsun da Allah ya zube a Damagaram, waɗanda ake jingina gida da su awaki na hawa, ba su isa ba, sai da aka ajiye mini ɗaya a cikin ƙafa. Ya fi shekara ina jin shi. In na zauna tahiya yana tokare ni, in na tako daga Birni zuwa kasuwa sai na tsaya sau uku ina yi kamar gyaran takalmi nake. Surukata, ƴar Garagumsa, ta ce jifa ne, a kira wanzami ya tsaga. Na ce mata wanda zai jefe ni da tsufana ba shi da aikin yi, kuma wanzamin da ya tsaga ƙanwarta har yau ɗingishi take.

Lokotoron ya tambaye ni ko wani abu ya taɓa buguna a wurin. Na ce ya fara ƙirgawa. Jaki ya harbe ni a Dakusa ina amarya. Turmi ya faɗo mini ina dakan icen ka'aji, turaren wutar da muka gada daga Barno, wanda da shi na ci da shi na sha. Ƙofar mota ta datse ni. Wanne yake so? Ya yi dariya ya ce tunda ban san wanne ba ne, shi ma ba zai ɗora wa jaki laifi ba. Ya ce abin da ake yin ƙashi da shi ne ya ɓace hanya ya taru a cikin tsoka, kamar farin ɓawon nan da ke kama cikin butar shayi. Ba daji ba ne, ba jifa ba ne. Kada a yanka, kada a tsaga, in ya dame ni in sha magani in ɗaga ƙafar.

Daga nan ya ja karne, ɗan littafin nan da ake rubuta ciwon mutum a ciki, ya yi rubutunsa na tafiyar kaza. Ya sa wata lamba a ƙasa, ya sake rubuta ta da manyan baƙaƙe a bayan ambulof ɗin. Ya ce in biya ta wurin yarinyar da ke shigar da lambobi a inji kafin in fita.

To a nan abin ya lalace, kuma bari in faɗa tun yanzu, ni na fara lalata shi. Karnen ba nawa ba ne.

A gidanmu duk takarda a kwalla ɗaya take kwana, ƙarƙashin gadona. Takardar haihuwa, takardar gida, karne na manya da na yara, duk sun sha ƙamshin turare har sun zama dangi. Wanda ciwo ya kama sai ya buɗe kwalla ya ɗauki wanda ke da sauran fili a ciki. Namiji ya ɗauki na namiji, mace ta ɗauki na mace. Haka muke yi, haka maƙwabta ke yi, kuma duk wanda ya ce gidansu ba a yi, sai dai in ba sa ciwo. Nawa gara ta cinye shi tun tuni. Na ɗauki mai shuɗin bango don jikata ta taɓa nuna mini shi ta ce, "Kaka, ga sunanmu nan." Sunana aka sa mata, takwarata ce, ƴar babban ɗana. Na ce a raina, sunana ne a kai, ƙafata ce ke ciwo, ina matsalar? Lokacin ban san ko baƙi ɗaya na boko ba.

Ni ke nan jahila. Amma masu ilimin fa? A shafin farko an rubuta shekarar haihuwa. Lokotoron bai buɗe shafin farko ba, tsakiya ya buɗe. Yarinyar injin kuwa, mai farce ja kamar ta yanka kaza, ba ta ko ɗago kai ba. Ta miƙo hannu ta taga, ta karɓa, ƙwas ƙwas ƙwas, ta turo mini. Da ido ɗaya ta ɗaga da ta ga cewa ƴar shekara goma sha tara ba ta yawo da haƙora shida a baki. Na koma gida na jefa karnen cikin kwalla, na tura ambulof ƙarƙashin katifa, na manta.

A shekarar da ta biyo baya na shiga kurdadi, makarantar da ake koya wa manya karatu. Abin da ya kai ni, na gaji. Kwalaben humra iri biyar nake haɗawa, duk kamarsu ɗaya, kullum sai na buɗe na sansana har hancina ya daina aiki, ko in kira wata ta karanta mini abin da ni na sa aka rubuta. Muna zama a rumfa bayan la'asar, mu tsofaffi goma sha wani abu, muna "ba, be, bi" kamar tumaki. Malamar ƙanwar jikata ce a shekaru, amma tana da haƙuri, wannan ba zan hana mata ba. Wata rana ta ce kowa ya nemi abu mai rubutu a gida ya kwafa. Wasu suka kwafo gwangwanin tumatir, wata ta kwafo buhun siminti. Ni na ɗaga katifa na zaro ambulof. Rubutun lokotoro ko shi kansa ban ce zai iya karantawa ba, amma lambar a fili take. M61.46. Na cika shafi guda da ita, sama da ƙasa, har hannuna ya riƙe ta kamar yadda ya riƙe awon turare. Malama ta ce, "Iya, mene ne wannan?" Na ce sunan dutsena ne na boko.

Takwarata kuwa tun tana ƙarama jandarma take so ta zama. Doguwa ce, ƙafafu kamar na barewa, da asuba ta fita gudu ta dawo tana huci ta shanye mini kunu. Ta yi konkur, jarrabawar shiga aikin, sau ɗaya ta faɗi a rubutu. Ubanta, wanda dama abin bai kwanta masa ba, ya ce saura sau ɗaya. In ta sake faɗuwa ta zo shagonsa ta riƙe almakashi tana yankan yadi. A karo na biyu ta ci rubutu, ta ci gudu, ta bar maza a baya. Saura bizit, wato duban lafiya a wurin lokotoron soja, ranar Alhamis kuma a rufe sunaye.

Ranar Litinin da azahar ta shigo ba sallama. Ta jefar da karne da wata farar takarda a tsakar gida, ta zauna a bakin rijiyar da ba ruwa.

"An kayar da ni."

"A me?" in ji uwarta.

"Wai ƙafata ba ta da lafiya. Wai akwai dutse a tsokata, ba zan iya tafiyar soja ba."

"Ya taɓa ƙafar?" na tambaya.

"Ko kallonta bai yi ba. Karne ya buɗe, ya ga lamba, ya duba wani littafi, ya rubuta, ya ce mai bi."

Surukata ta ɗora hannu a ka. "Na faɗa! Gidan nan an sa mana hannu. Cutar ta kama tsohuwa, yanzu ta kama yarinya." Ɗana kuwa ya shafa gemu ya ce Allah bai yi ba, a yi haƙuri. Na haife shi, na san fuskarsa in ya ji daɗi yana ɓoyewa. Har ya fara tunanin inda zai ajiye mata kujera a shago.

Na sa tabarau na ɗauki farar takardar. Faransanci ne, ban ji ko kalma ba. Amma a tsakiya, an ja mata layi ja, ga ta nan zaune kamar baƙuwar da na sani. Na karanta da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, yadda malama ta koya mana. "Em. Shida. Ɗaya. Ɗigo. Huɗu. Shida." Na ce, "Wannan ai tawa ce."

Na shiga ɗaki na fito da ambulof, na ajiye gefen takardar. Na faɗa musu yadda aka yi, ban rage komai ba.

Ni da yarinyar nan tun ta iya magana muke tsokanar juna. Tana ce mini tsohuwa mai ran ƙarfe, ina ce mata sandar rake. Ranar ba ta ce ko ɗaya ba. Ta dube ni ta ce, "Hajiya, kin gama da ni." Hajiya. Kamar wata baƙuwa da ta zo sayen turare. Dutsen bai taɓa yi mini ciwon da kalmar nan ta yi ba.

Talata da safe na ce ta ɗauko mayafi. Ta ce ba amfani. Na ce ban tambaye ta amfani ba.

A tagar asibiti muka tarar da mai jan farce, ko wata irinta, duk uwa ɗaya ta haife su. Na yi mata bayani tun daga kwalla. Ta ce, "Madam, abin da ya shiga ba ya fita."

Na ce, "Ke kika sa shi."

"Abin da aka rubuta na sa."

"To cire abin da aka rubuta."

"Ba ni da izini. Ku ga majo."

Majo shi ne babban mai jinya da ke riƙe da sashen, mutum mai tumbi da makullai a ƙugu kamar mai gadin kurkuku. Sai da muka yi zaman awa biyu a benci kafin ya gama waya. Ya saurare ni yana kaɗa ƙafa. Ya ce lokotoron da ya rubuta an yi masa canjin wuri, kuma ba mai taɓa rubutun lokotoro sai lokotoro. Daga nan ya gyara zama ya fara wa'azi. Wai mu mutanen gari ba mu san darajar takarda ba. Wai abin da na yi laifi ne babba. Wai ta ina zai san ba ƙarya muka shirya ba don a ɗauki yarinya mai ciwo?

Wannan ta ƙarshe ita ta tashe ni. Na ja kujera, na ɗage zane zuwa gwiwa, na ɗora ƙafata a kan teburinsa, kan takardunsa masu daraja.

"Taɓa."

"Iya, sauke ƙafarki, nan biro ne, ofis ne!"

"Na san biro ne. Taɓa. Shekara uku kuna taɓa takarda, yau ku taɓa nama. Ke kuma ɗora taki."

Takwarata ta ce, "Hajiya, don Allah," tana rufe fuska. Mutanen benci sun taso sun cika ƙofa. Wani tsoho daga Zermu mai ɗaure da hannu yana cewa, "Ku taɓa mana, ai ba ta cizo."

Hayaniyar ce ta jawo wata lokotoro mace, siririya, ba ta kai surukata ba a shekaru. Ta tambayi abin da ake ciki. Majo ya fara da Faransanci, na katse shi da Hausa. Ta sa hannu ta danna sha-raɓata, ta sami dutsen nan take, na ce wash. Ta durƙusa ta lalube ƙafafun yarinyar duka biyu, daga gwiwa har agara. Ta ɗaga hoton da na zo da shi wajen haske, ta ce wa majo waɗannan ƙasusuwan sun ga duniya, ba na ƴar ashirin da biyu ba ne.

A ofishinta na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina. Na ce, lambar nan me ta ce ne har ta fi ido da hannu ƙarfi? Ta juya ambulof ta nuna mini da bakin alƙalami. Em ɗin, in ji ta, gidan ciwon ƙashi da tsoka ne. Sittin da ɗaya, tsokar da ta taurare ta yi dutse ko ƙashi. Huɗun, irin wanda ba a jingina shi da wani sanadi sananne ba. Shidan ƙarshe kuma wuri ne, tsakanin gwiwa da idon sawu. Ta ce an yi haka ne don lokotoron ko'ina a duniya ya gane ba sai an fassara masa ba.

Na ce, "Ta faɗi dama ko hagu?"

"Wannan ba ta faɗa ba."

"Ta faɗi tsohuwa ko yarinya?"

"A'a."

"To duniya duka ta gane, amma ba ta san ƙafar wa ba ce. Sannunku da aiki."

Ta yi murmushi ta ce lambar ba ta yi ƙarya ba, gidan da aka sauke ta ne ba nata ba. Ba a gogewa, amma ana jan layi a rubuta cewa kuskure ne, a sa hannu, a gyara a inji. Sai dai abu biyu. A yi wa yarinyar sabon hoto. Ni kuma in bayar da shaida a rubuce cewa ni na ɗauki karnen wata.

Majo ya shigo da farar takarda da ɗan akwatin tawada. Ya ce zai rubuta, in dangwala yatsa. Na dubi akwatin nan. Shekara sittin ina dangwala yatsa a ƙarƙashin maganar da wani ya rubuta, ban san ko zagina aka yi ba. Na ce ya ba ni bik, alƙalamin da ke hannunsa.

"Iya, da Faransanci ake yi."

"Da Faransanci kuka yi na farko, ga inda ya kai mu."

Lokotoron ta ce a bar ni, za ta fassara a ƙasa. Na zauna na rubuta. Layi biyar, sun ɗauke ni kusan rabin awa, majo yana duba agogo yana tsaki, layukan suna gangarowa kamar hanyar tudu. Na rubuta cewa ni ce mai dutse a ƙafar hagu. Ni na ɗauki karnen jikata don sunanmu ɗaya kuma ban iya karatu ba lokacin. Ba wanda ya dube ni da zai gane. Yarinyar lafiyarta lau. Lamba M61.46 tawa ce, a mayar mini da abina. Na sa sunana da na ubana a ƙasa. Majo ya ce a cire layin "ba wanda ya dube ni". Na ce ya cire da hannunsa in ga.

Hoton bai samu ba ranar, wuta ta ɗauke. Laraba muka koma tun da safe, muka yi layi har azahar. Ƙafafun suka fito fes, ƙashi biyu biyu, ba ko tsakuwa. Lokotoron ta ja layi a karnen, ta yi rubutu, ta buga hatimi, ta haɗa mana wasiƙa. Ta sa aka buɗe mini sabon karne nawa na kaina, da shekaruna na ƙiyasi da lambata a ciki. Mai jan farce ta ɗago kai wannan karon. Na ce mata, "Kalle ni da kyau, kada gobe ki ba wa jariri."

Alhamis muka je bariki. Mai gadi ya ce tsofaffi ba sa shiga. Na ce ni ba tsohuwa ba ce, hujja ce. Sai ya buɗe.

Lokotoron sojan ya karanta wasiƙar yana ɓata rai, kamar mu muka yi masa laifi. Ya karanta tawa ma, ya bi layukan da yatsa, ya dube ni ta saman tabarau.

"Ke kika rubuta wannan?"

"Ni. Ƙafar ma ga ta, in kana da lokacin taɓawa yau."

Bai taɓa tawa ba. Amma ya tashi daga kujera, abin da bai yi ba ranar Litinin. Ya sa yarinyar ta cire takalmi, ya matsa tsokar nan da nan, ya sa ta tsaya a kan yatsu, ta tsuguna ta tashi sau ashirin, ta yi tsalle da ƙafa ɗaya. Ya koma ya yi rubutu ya rufe da hannu kamar ɗan lakwal mai rowar amsa a aji. Ya ce sunaye za su fito Asabar a jikin bango. A hanya ba ta yi mini magana ba, ni ma ban roƙe ta ba.

Asabar bangon ya cika da mutane, iyaye da ƴaƴa, ana ture-ture. Ta tsaya nesa ƙarƙashin bishiyar bedi ta ce ba za ta iya dubawa ba. Na kutsa da gwiwar hannu, na sa tabarau, na ɗora yatsa a layin farko. Wani mai babbar riga a bayana ya ce, "Iya, matsa mana, ki bar masu karatu su duba miki." Ban ko juya ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina haɗa baƙaƙe, har shafi na biyu. A layi na tara na ga sunan da na fara koyon rubutawa a rumfa, da sunan ɗana a gefensa.

Na fito ina ɗingishi, an taka mini ƙafar mai dutsen. Na ce mata, "An ɗauke ni jandarma. Shafi na biyu, layi na tara."

Ta ruga ta duba, ta dawo a guje, ta ɗaga ni sama gaban mutane har takalmina ya faɗi.

"Tsohuwa mai ran ƙarfe! Daga yau kwallar nan ni zan riƙe makullinta."

Na ce, "Sauke ni, sandar rake, kina matsa mini dutse."